Saura Mu Biyu A Ɗakin Kwamfuta

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan mun dawo daga sallar la'asar, ƙaramin cikinmu ya ajiye makullin ofis a kan teburina. Ya haɗa da filas guda biyu da wata 'yar takarda da ya ninke huɗu, inda ya rubuta lambobin sirrin duk kwamfutocin da ke hannunsa. Ya tsaya yana murza hularsa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi na yi iya ƙoƙarina."

Na ce, "Tsakanina da kai sai alheri. Allah ya sa ka fita a sa'a."

Shekara huɗu ya yi da mu a matsayin ɗan wucin gadi. Difloma gare shi a ilimin kwamfuta, hannunsa kuma na da albarka. Firintar da kowa ya fid da rai da ita, shi zai kwance ta, ya hure ƙura, ya mayar, ta tashi. Naira 20,000 ake ba shi a wata daga kuɗin shigar asibiti, wani lokacin sai wata ya kwana goma sha biyar kafin su zo hannunsa. Yanzu ya kama rumfa a bakin tasha, zai riƙa cajin waya da gyara da POS. An sa ranar aurensa bayan kaka. Da wane baki zan ce masa ya zauna?

Mu huɗu ne a ɗakin nan lokacin da na kama aiki. Ɗaya ya samu wata ƙungiyar agaji ya koma Dutse tun shekara biyu da suka wuce, ba a kawo madadinsa ba. Yanzu saura ni da wata ƙanwarmu mai shigar da bayanai, ita kuma goyo take yi.

Asibitin da nake aiki yana wata ƙaramar hukuma ce a gabashin Jigawa. Duk wanda ya leƙo ta taga ya gan mu a gaban allo, fanka na juyawa, cewa yake mun samu aikin hutu. Sunana ma a asibitin ya ɓace, "mai kwamfuta" kowa ke kira na, daga maigadi har babban likita. Ban damu da sunan ba. Abin da ke ƙarƙashinsa ne mutane ba su gani.

Kafin ƙarfe takwas sai na tabbatar kwamfutar ɗakin kati ta tashi, domin tun asuba mata ke yin layi. Sai ta ɗakin magani, sai ta ɗakin gwaji. Sai in leƙa baturan sola in ga abin da dare ya rage mana. In ɓera ya ci waya a cikin silin, ni ne mai hawa. In hunturu ya shigo, ƙura ce abokiyar faɗa. In bazara ta yi, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitin kashe kanta take yi da rana tsaka saboda zafi, har mun saba jiƙa buhu mu rataya a taga. A tsakanin haka wannan ya kawo takarda a buga masa, wancan wayarsa ta ƙi buɗewa, wata ɗanta zai cike fom ɗin jarrabawa. Ba ka iya cewa a'a, domin gobe kai ma kana iya kawo naka mara lafiyar hannunsu.

Duk wannan ƙananan ayyuka ne. Babban shi ne ƙarshen wata.

Ga wanda bai sani ba, kowane asibiti a ƙasar nan, komai ƙanƙantarsa, yana da manyan rajistoci: na marasa lafiyar da ake dubawa su koma gida, na awo, na haihuwa, na rigakafi, na tazarar haihuwa, na yara masu tamowa. In wata ya ƙare, sai a zauna a ƙirga da hannu, layi-layi, a cike doguwar takardar taƙaitawa ta ƙasa, wadda aka sabunta a 2019. Daga nan a shigar da alƙaluman cikin manhajar DHIS2. Jami'ar Oslo da ke ƙasar Norway ce ke kula da wannan manhaja, ƙasashe sama da 70 kuma suna amfani da ita. Da zarar na danna adanawa a nan ƙauyen, mutumin da ke Dutse da na Abuja suna iya gani. Akwai kuma SORMAS, wadda aka ƙirƙira bayan annobar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar masana daga Jamus da na Najeriya, ita kuma ta cututtukan da ke yaɗuwa ce, ba ta jiran ƙarshen wata. Ga na rabon maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida a damina, ga na kamfe ɗin shan inna, kowanne da tasa manhajar, da nasa wa'adin, da nasa mai kira a waya. Alƙalami ɗaya sai ka shigar da shi sau uku a wurare uku, sannan wani ya ce ka turo masa hotonsa ta WhatsApp.

Da yake mu ne ke da sola da ɗan sabis mai dama-dama, jami'in bayanai na ƙaramar hukuma ma nan yake tarewa da takardun ƙananan asibitocin ƙauyuka, mu kama masa. A makon farko na kowane wata, ba na komawa gida kafin sha ɗayan dare. Sabis ya fi ƙarfi bayan mutane sun kwanta.

Bari in ba da labarin abin da ya faru bara a watan Satumba, don shi ne ya canja mini yadda nake kallon aikin nan.

Lokacin zazzaɓin cizon sauro ya kai maƙura, kamar yadda yake yi duk ƙarshen damina. Kwana uku ina kwana a ofis. A dare na ukun, wajen ƙarfe ɗaya, ina shigar da rahoton wani ƙaramin asibiti da ke can bakin fadama. Waɗanda aka yi wa gwajin zazzaɓi a watan su 410 ne. Ni kuma na rubuta 41. Sifili ɗaya ya faɗi, idona bai gani ba. Na adana, na rufe, na shimfiɗa darduma na kwanta.

Bayan mako uku sai ga inchaj ɗin asibitin a bayan ɗan acaɓa, gefen zanenta duk laka. Dattijuwa ce, ta kusa ritaya, rabin yaran yankin a hannunta aka haife su. Ta shigo da rajistarta a cikin leda, ta zauna a kan benci, ta daɗe ba ta ce komai ba. Masu sa ido sun je wurinta. Sun ga a rahoton sito ta ƙarar da kayan gwaji sama da 400, a kwamfuta kuma mutum 41 kacal ta gwada. Suka tambaye ta inda sauran suka shiga. A gaban ƙananan ma'aikatanta aka yi mata tambayar, kuma magana ta riga ta fita gari cewa Hajiya na sayar da kayan gwamnati.

Ta ce, "Ɗana, ni ban iya wannan na'urar taku ba. Ga littafina. Ka duba mini don Allah, ko ni ce tsufa ya sa na ɓata lissafi."

Ta buɗe rajistar. Rubutunta ƙanana, tsaf, da jan biro ta ja layi a ƙarshen kowane mako ta rubuta jimla a gefe. Na ɗauko kwafin takardar da ta kawo: 410, a fili. Na buɗe kwamfuta: 41, da sunana a matsayin wanda ya shigar. Jikina ya yi sanyi. Na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, ni ne. Kuskurena ne. Ki gafarce ni."

Ta dube ni, ta dubi dardumar da ke naɗe a bayan ƙofa da kofin shayin da ya bushe a kan tebur. Ta ce, "Yaushe rabonka da barcin kirki?" Ban amsa ba. Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ka rubuta musu." A ranar na gyara, na rubuta takarda na sa hannu, washegari na kai da kaina. An wanke ta a ofis. A bakin mutanen gari kuwa, har yau akwai mai faɗa.

Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma tun daga ranar na daina yarda da masu cewa gajiyar mai kwamfuta matsalarsa ce shi kaɗai. Da alƙaluman da muke turawa, haɗe da rahoton sito, ake lissafa maganin zazzaɓi nawa za a aiko, allurar rigakafi nawa, wane gari ne ke buƙatar ƙarin unguwarzoma. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Wannan babban lissafi, daga irin teburina yake farawa, da ƙarfe ɗayan dare, a hannun mutumin da idonsa ke rufewa.

Akwai wanda ya fi kuskure muni, kuma zan faɗe shi don gaskiya ce. In wa'adi ya matso, sabis babu, mai kira yana ta kira, akwai hanya mai sauƙi: ka ɗauko alƙaluman watan jiya, ka ƙara biyu nan, ka rage uku can, ka tura. Allon mai duba rahoto zai nuna masa kore, ya yaba maka. Ana yi. Masu yin ba 'yan iska ba ne, mutane ne da aka ɗora wa aikin mutum huɗu, kuma suka lura ba a taɓa tambayarsu ko alƙaluman gaskiya ne, abin da ake tambaya kawai shi ne ko sun shiga a kan lokaci. Ni Allah ya tsare ni zuwa yau. Amma na san daren da zuciyata ta raya mini, kuma yanzu da muka koma mu biyu ina tsoron irin wannan daren.

Maganar albashi kuwa, ba zan ɓoye alheri ba. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne tun 2019, a watan Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, jihohi suka bi, tamu ma ta bi, na ga canji a alat ɗina, na gode wa Allah. Sai dai kafin ƙarin ya iso, an riga an cinye shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Ni kuma daga garinmu zuwa asibiti kilomita 14 ne a kan mashin, zuwa da dawowa 28, ban da kiran dare. Dala da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da muke taɓawa a ɗakin nan da dala ake auna shi: tawadar firinta, baturi, caja, rauta. In na je Farm Centre ko titin Beirut a Kano da kuɗin da aka ba ni, rabin abin da ke cikin takardata nake dawowa da shi. A watan Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Datar ofis takan ƙare kafin wata ya raba, sai in kunna ta wayata. Ban taɓa lissafa abin da na kashe a haka ba, don in na lissafa raina zai ɓaci.

Shi kuwa ɗan wucin gadi, duk ƙarin nan ta gefensa ya wuce. Ba ya cikin jerin ma'aikata, don haka 20,000 ɗinsa tana nan yadda take tun ranar da ya zo.

Wannan yaron, a hannunsa sirrin mutane yake. Ya san wace ce ke karɓar maganin ƙanjamau, wace ce ta yi ɓari ba ta gaya wa dangin miji ba, wane dattijo ne ke zuwa ta ƙofar baya. A gari irin namu, inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya ta isa ta kashe aure. A shekara huɗu ko sau ɗaya bakinsa bai suɓuce ba. An yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, abu ne mai kyau. Amma a wurinmu abin da ya kare bayanan nan tarbiyyar gidansu ce da tsoron Allah. Irin wannan mutum muka bari ya tafi cajin waya.

Ni kaina takardar ɗaukata aiki cewa ta yi ma'aikacin sarrafa bayanai, don haka a tsarin albashin gama-gari nake. Likitoci suna da nasu tsarin, CONMESS, nas-nas da masu gwaji da sauran ma'aikatan lafiya suna kan CONHESS. Ba na ƙyashin kowa, sun cancanci fiye da haka. Amma ba ni da alawus ɗin haɗari, ba ni da na kiran dare, alhali a 2021, da amai da gudawa ta ɓarke, ni ne ke shiga rumfar da aka keɓe marasa lafiya da na'ura a hannu ina ɗaukar suna da unguwa da ranar da ciwo ya fara. Haka aka yi da mashaƙo ya bazu daga Kano a 2023. Cuta ba ta duba takardar ɗaukar aikin mutum. In ana rabon aiki ma'aikacin lafiya ne ni, in an zo rabon alawus sai in koma mai kwamfuta.

Ga kuma bita. In za a koyar da sabuwar manhaja a otal a Dutse ko Kano, da kuɗin mota da na kwana, sau da yawa sunan da ke fita ba na mai taɓa allon ba ne. Wanda ya je ya dawo ya ajiye mini littafin da aka raba, ya ce in duba in gane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin ba su kai zafin rainin ba.

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta shafe fiye da mako a cikin duhu, baturanmu da suka tsufa suka kasa ɗaukar asibitin. Aka ce ɗakin tiyata da ɗakin gwaji su ne kan gaba, kuma haka ya kamata. Muka kashe namu, kowa ya koma biro da takarda. Da wuta ta dawo, kowa ya ci gaba da harkarsa, mu kuwa muka tarar da kwali uku na takardu. Mako uku muka yi, mu uku, muna shigar da su bayan an tashi aiki. Yaron nan ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Gyaɗa yake sayowa mu riƙa ci don kada barci ya ɗauke mu.

To me ya zaunar da ni? Maiɗakina ta sha tambayata. Gonar riɗi da zoɓon da nake nomawa a bayan gari, in shekara ta yi kyau na kai Maigatari ranar Alhamis, abin da nake samu yakan kai albashin watanni. Takan ce, "Malam, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka dubi yadda ka rame." Gaskiya ta faɗa.

Amsar da nake ba ta ita ce wani dare a 2022, shekarar da ambaliya ta ci garuruwa a yankin Haɗeja. Aka kawo wata mai juna biyu a kan amalanke, tana jijjiga, ba ta san inda take ba. Mijinta ya ce katinta ya tafi da ruwa tare da ɗakin. Nas ɗin dare ta kira ni, na zo. Sunanta irin wanda mata hamsin ke da shi ne a garin, sai na nema da sunan unguwa da na miji. Cikin minti biyu ta fito: zuwanta awo uku, jininta yana hawa tun wata na shida, ga maganin da aka ɗora ta a kai, ga rukunin jininta. Likita ya karanta a tsaye, ya juya da gudu. Ta rayu, jaririyar ma ta rayu. Babu wanda ya ce mini sannu, ban kuma nema ba. Na hau mashin ina jin cewa duk yatsan da na taɓa dannawa a ɗakin nan bai tafi a banza ba. Wanda ya shigar da bayanan awon nata kuwa, shi ne wanda ya ajiye mini makulli ranar Alhamis.

Na je na samu babban likita ranar Litinin. Mutumin kirki ne, shi ma aikin mutum biyar yake yi, ranar ma daga tiyata ya fito. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun koma mu biyu, ga ƙarshen wata ya taho." Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malam, na sani. Ɗaukar ma'aikaci ba a hannuna yake ba. Ka rubuto, zan sa hannu in tura." Wannan ce takarda ta huɗu da zan rubuta a kan maganar.

A cikinta ban roƙi abin da ya fi ƙarfin kowa ba. Na ce duk ɗan wucin gadin da ya shekara biyu yana riƙe da bayanan marasa lafiya a duba shi a tabbatar da shi. A ware kuɗin data da tawada duk wata, a rubuce, kada su dogara da aljihun ma'aikaci. A tura mai yin aikin bita. Na ƙara da abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo: a riƙa dawo mana da labari. Shekara da shekaru muna tura alƙaluma sama, ba mu taɓa jin an ce ga abin da suka nuna, ga abin da aka yi a kai ba. Inchaj ɗin ƙauye da ta kwana tana ƙirga layi da fitilar waya ta cancanci ta san ƙirgarta ta kawo mata kwalin magani ko ba ta kawo ba. Wanda ya san ana karanta abin da ya rubuta ba ya cika shi da ƙarya.

Likita ya sa hannu a kan abu biyu da ke ikonsa. Daga yanzu duk alƙalamin da ɗayanmu ya shigar, ɗayan zai karanta shi da ƙarfi daga takarda kafin a adana, kuma ba za a sake shigar da rahoto bayan ƙarfe goman dare ba, ko da wa'adi zai wuce. Ya ce in an kira daga sama a haɗa shi da mai kiran.

Jiya takardun ƙauyuka suka fara isowa, bakwai ne a kan benci zuwa la'asar. Ƙanwarmu na zaune da goyonta tana karanto mini, ina bugawa. Sai firintar ɗakin magani ta cije takarda ta tsaya. Na kwance ta, na mayar, ta ƙi. Ban so in kira shi ba, amma na kira. Bayan isha'i ya rufe rumfarsa ya zo da ɗan sukundirebansa a aljihu. Ya yi minti ashirin a kanta ta tashi, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da ke gocewa a ciki, ya ce in riƙa tura shi da hankali ta hagu. Na ciro naira 1,000 na miƙa masa, ya mayar mini da hannuna. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi takardun da ke kan benci, ya tambaye ni saura asibiti nawa ba su kawo ba. Na ce goma sha ɗaya.